KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jawabin da aka yi wa kafintoci da masassaƙa da 'yan kasuwa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Muna gai da dattawa iyayenmu, da iyayen gidanmu waɗanda suka koya mana riƙon zarto, da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, da yaran shago da mu ke hange can baya suna tsaye. Mun sani waɗansu rumfa suka rufe suka zo, waɗansu kuwa rufi suka bari rabi. Allah ya mayar muku da abin da kuka rasa na yinin yau.

Maganar da ta tara mu guda ce. Aikin katako yana nan jibge a ƙasarmu, amma mai yinsa ba ya cin moriyarsa. Ba a aurar da yarinya sai an zo wurinmu. Ba a shiga sabon gida sai mun hau kansa. Mai tireda ba ya jera kaya sai mun buga masa kanta, mahauci ba ya fawa sai a kan teburinmu, ɗan makaranta kuma a kan bencinmu ya ke zama, in ya sami bencin ke nan. To, shin ina dalilin da kafinta zai shekara talatin yana aiki, sa'an nan ranar da zai aurar da tasa 'yar sai ya ci bashi? Wannan ita ce tambayar da mu ke so mu amsa yau, kuma ba za mu ɓoye namu laifin ba.

SANA'A MAI ASALI

Kada kowa ya raina wannan sana'a. Malamanmu sun gaya mana Annabi Zakariya kafinta ne, Annabi Nuhu kuma da hannunsa ya haɗa jirgi. A nan ƙasar Hausa, tun ba a san zarto ba akwai masassaƙa. Su ne masu turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar tsuguno, da ƙotar fartanya, da allon karatu, da ƙwarangwal ɗin sirdi. Gizago da gatari su ne kayan aikinsu, kuma sun san itace kamar yadda mahauci ya san nama. Sun san ƙirya ita ce ta turmi, sun san azarar giginya gara ba ta cinta da wuri.

Sunan kafinta kuwa da aikin zarto da ƙusa, tare da Turawa suka zo. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen koyon sana'a, har da aikin katako. Sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Funtua har ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Ciniki ya buɗe, auduga ta kawo kuɗi, kwano ya fara hawa kan gidaje, mutane suka fara neman ƙofa mai makulli da taga da tebur. Daga nan ne kakanninmu na wannan yanki suka koyi aiki, waɗansu a ma'aikatar En'e, waɗansu wajen baƙi mutanen Kudu. Watau sana'ar ta kusa shekara ɗari a hannunmu. Abin kunya ne a ce har yanzu ba mu da tsayayyen lada, ba mu da takardar shaida.

INA LADAN YA KE TAFIYA?

Cikin 2019 gwamnatin tarayya ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a wata. Cikin Yuli 2024 aka mai da shi naira 70,000. Mun ji an yi ta shela a rediyo, waɗansunmu har suka yi murna. To, ku saurara. Wannan doka ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan wanda a ke biya gwargwadon abin da ya ƙera ba. Wane shagon kafinta ne a Sabuwa ya ke da ma'aikata 25? Wane kafinta ne a Faskari a ke biya a ƙarshen wata? Ashe dai dokar ta wuce ta bisa kanmu kamar hadarin kaka. Ladanmu yana wurin ciniki, ciniki kuwa wanda ya fi sanin lissafi shi ya ke cinsa.

Bari mu yi lissafi a fili, kowa ya sa nasa adadin a madadin namu. A ce mai 'ya ya zo an yi cinikin gado a kan naira 100,000, a haɗe, kaya da aiki. A ce katako da ƙusa da gam da fenti sun ci 70,000. Saura 30,000, kafinta yana murna ya ce ya sami riba. Amma ɗauko katako ya ci 3,000. Mai injin yanka da goge katako ya karɓi 5,000. Abincin yara biyu na kwana shida ya ci 6,000. Saura 16,000, ladan kwana shida, watau kusan naira 2,700 a yini. In kuka raba naira 70,000 a kan kwana 26 na aiki, abin da za ku samu ke nan. Ashe gwanin da ya shekara ashirin yana aiki, in kome ya tafi daidai, ladansa ya yi daidai da na wanda aka ɗauka aiki jiya a matakin ƙarshe.

In kuwa kafin ya je sayen kaya kuɗinsu ya hau da kashi ɗaya cikin goma, 7,000 ta tafi. Saura 9,000, naira 1,500 a yini. Ba a sa kuɗin hayar shago ba, ba a sa zarton da ya dakushe ba, ba a sa ranar da za a zauna ba ciniki ba. Wannan fa ba tatsuniya ba ce, kowa a nan ya ɗanɗana. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, litar da a ke saye kasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Katako kuwa a mota ya ke zuwa, injin yanka kuma mai ya ke sha duk ranar da babu wutar lantarki.

Da ma katakon nan ba a bayan gida mu ke samunsa ba. Afara da loko da sauran katakon Kudu, sai sun keto ƙasa sun sauka Funtua ko Zariya ko Kaduna kafin su iso mana, kowane zango da nasa ƙari. Namu na gida, maɗaci da kawo da maje da doka, sun yi ƙaranci, wanda ya rage kuma yana cikin dajin da ba ya shiguwa. Ku dubi abin da ya sami maɗobiya a Nijeriya. Shekarun baya an yi ta sare ta a Taraba da waɗansu jihohi ana loda gungumenta ɗanye zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, tun daga 2017. Gungume ya fita da arha, kafintan wata ƙasa ya ci ladan sarrafa shi, mu nan muna neman falle ɗaya mai kyau muna rasawa.

BENCIN MAKARANTA

Yanzu ga babban aikin da ya kamata a ce shi ne abincinmu. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, jiha ta kawo nata kason a haɗa. Cikin wannan kuɗi a ke gina azuzuwa, a yi rufi, a yi benci da tebur. Har ila yau jiharmu tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi cikin 2020, inda a ke ba kwamitin makaranta kuɗin gyara a hannunsa. Duk wannan aikin katako ne da kwano.

To, yaya kwangila ta kan iso wurin kafinta? Ta kan faɗa hannun mai takardun kamfani, wanda bai taɓa riƙe guduma ba. Shi ya sayar wa wani, wancan ya ba wani, na ukun shi ne zai zo bakin shagonka da jaka a hammata ya ce, "Nawa za ka buga mini benci ɗari?" In ka faɗi kuɗin gaskiya, ya ce akwai mai yi a rabin haka. Sai ka karɓa don kada yara su kwana da yunwa. Da ya ke kuɗin ba zai sayi busasshen katako ba, sai a yi da ɗanye, a rage kauri, a rage ƙusa. Kafin shekara ta kewayo bencin ya buɗe baki, 'ya'yanmu sun koma zaman ƙasa. Wa a ke zagi? Kafinta. Wa ya gina gida da kuɗin? Mai jaka. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku 'yan kasuwa, kada ku ce wannan bai shafe ku ba. 'Ya'yanku ne a ƙasa. Kuɗin harajin da a ke karɓa a bakin rumfarku ne. Kuma da kuɗin nan ya tsaya a hannun kafintan Ƙanƙara, ai wurin mai hatsi da mai yadi da mai nama na Ƙanƙara zai ƙare. Da ya ke ya tafi birni, ko sisi ba za ku gani ba.

SHEKARUN WAHALA

Ba za mu yi maganar aiki a wannan yanki mu tsallake abin da ya same mu ba. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da yawa har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Cikin Satumba na wannan shekara aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, mu uku duk muna ciki. Ba mu zo yin shari'ar waɗannan matakai ba. Abin da mu ke faɗi shi ne yadda suka faɗo a kan mai sana'a.

Kafinta bayan manomi ya ke tafiya. In kaka ta yi kyau, aka sayar da masara da waken suya a Dandume, aka sayar da sa a Sheme, sai a sa ranar aure, sai a sayi kwano, sai a neme mu. In manomi bai shiga gona ba, ko kuwa abin da ya tara ya tafi wajen fansar ɗan'uwa, gado da kujera su ne abin da a ke fara yafewa. Saboda haka gwanayenmu da yawa suka tattara kayan aiki suka koma Funtua da Zariya da Kaduna da Abuja. Waɗansu suka jingine zarto suka hau babur. Yaran da su ke koyo a hannunsu kuwa suka watse, ba su gama ba, ba su kuma koma makaranta ba. Wannan asara ta fi ta katako, domin gwani ba ya tsira a damina ɗaya.

Amma ku duba ɗaya gefen. Kowane gida da aka ƙone yana jiran rufi. Kowace makaranta da asibitin ƙauye da aka bari iska ta yaye, suna jiran ƙofa da taga da silin. Duk ranar da mutane suka koma garuruwansu, aikin da zai taso ya fi ƙarfin kafintocin da suka rage. Tambayar ita ce, wa zai yi shi? Mu, ko kuwa za a kwaso ma'aikata daga wani wuri muna kallo? Ba a fafe gora ranar tafiya.

NAMU LAIFIN

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yan kasuwa da ke nan suna da ƙara a kanmu, kuma suna da gaskiya. An san mu da saɓa alkawari, har an mai da "gobe ka dawo" kamar sunanmu. Mu kan karɓi kafin alƙalami na wannan mu ƙarasa aikin wancan da shi, sa'an nan mu nemi na uku mu toshe ramin na biyu. Mu kan yi aiki da ɗanyen katako mu rufe da fenti, bayan wata uku ƙofa ta ƙi rufuwa. Mu kan kuma karya wa juna kuɗi. Wani ya ce dubu goma, ɗan'uwansa ya bi ta bayan gida ya ce shida, alhali ya san shida ba za ta yi aikin kirki ba.

Talauci ne ya jawo rabin wannan, mun yarda. Sauran rabin kuwa rashin lissafi ne da rashin haɗa kai. Wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Muddin ba a yarda da maganarmu ba, ba wanda zai damƙa mana aikin aji goma, ko da mun fi kowa iyawa.

Ku ma masu ba da aiki muna da roƙo gare ku. Wanda ya matse kafinta har ya karɓi abin da ba zai isa ba, kansa ya cuta, domin araha ba ta ado. Wanda kuma aka gama masa aiki ya riƙe cikon kuɗi wata shida, ya sani ya ci gumin yaran shago.

YARON SHAGO

Yanzu mu juya wurin waɗancan da ke tsaye a baya. Yadda a ke koyon sana'ar nan kowa ya sani. Uba ya kamo hannun yaro ya kawo shi, ya ce, "Ga shi nan, amana." Ba a faɗi shekara nawa zai yi ba, ba a faɗi abin da za a koya masa ba. Shekara ta farko aike da shara da miƙe tsohuwar ƙusa. Ta biyu goge katako. In ya yi sa'ar maigida mai tsoron Allah, ya koya masa awo da yanka da haɗa gaɓa, ya yaye shi da kayan aiki. In bai yi sa'a ba, ya shekara bakwai yana bauta, maigida yana ɓoye masa sirrin aiki don kada ya buɗe shago kusa da shi. Ranar da ya gaji ya tafi, ba shi da ko takardar da za ta nuna ya taɓa riƙe zarto.

Mutane da yawa ba su san akwai doka a kan wannan ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, tun ta 1974, ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce a ke yinta, jami'in ƙwadago ya shaida, kuma kada ta wuce shekara biyar. Yaron da ya wuce shekara 12 bai kai 16 ba, uba ko waliyyi ne zai sa shi, da yardar yaron. Dokar tana nan cikin littafi fiye da shekara hamsin. Mu tambayi kanmu, a shagunanmu nawa aka taɓa rubuta irin wannan takarda?

Hanyoyin samun shaida kuma suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a, mataki na uku, da na biyu, da na ɗaya wanda shi ne babba. Wannan da hannu a ke gwada mutum, kuma ita ce takardar da kamfanonin gini da ma'aikatun gwamnati suka saba tambaya. Akwai kwalejojin fasaha na jiha a Funtua da Mashi da Ingawa, masu kai yaro ga jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa cikin 1992. Akwai ƙauyen koyon sana'a na matasa a birnin Katsina, wanda aka buɗe zamanin Gwamna Ibrahim Shema. Akwai ITF tun 1971, da NDE tun 1986, aikinsu ke nan horad da masu sana'a. Hukumar ilmin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna kuma ta fito da tsarin da za a auna gwanin da ya koya a shago a ba shi shaida ba tare da ya koma aji ba, an kuwa yi irin wannan da masu sana'a na kasuwar Panteka ta Kaduna. Cikin 2025 gwamnatin tarayya ta yi shelar karatu kyauta da ɗan alawus ga masu koyon sana'a a kwalejojinta na fasaha.

Sunaye dai ga su nan da yawa. Amma ɗan talakan da ke Sabuwa, wanda kuɗin motar zuwa Katsina ya fi abin da ya ke samu a mako, wanne daga ciki ya iso ƙofarsa? In kuwa an zo da horon mako biyu aka raba guduma aka ɗauki hoto, wannan ba koyo ba ne. Ba a zama kafinta a mako biyu.

Mu dubi maƙwabta. A Jamhuriyar Benin sun ɗauki koyon shago irin namu suka ɗaura masa doka. Yaro yana wurin maigidansa yawancin mako, ya je aji ya koyi lissafi da zane, a ƙarshe gwamnati ta gwada shi ta ba shi shaida. A Jamus ma haka a ke yi, shekara uku, kuma ana biyan yaron tun yana koyo. Ku tambayi 'yan'uwanmu da suka yi aiki a manyan gine-ginen Abuja da Ikko, za su gaya muku yadda a ke ɗauko ma'aikata daga Kwatano da Lome a ba su aikin ƙarshe mai tsada. Ba su fi mu ƙarfi ba, ba su fi mu basira ba. An koya musu karanta zanen gini, an koya musu awo har zuwa milimita. Mu kuwa yaronmu in aka miƙa masa takardar zane sai ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

SANA'AR TANA SAUYAWA

Wanda ya ce aikin jiya zai ci da shi gobe, ya ruɗi kansa. Kujerar roba ta kori bencin biki. Mai walda ya karɓe ƙofar waje da taga. Masu hali sun koma silin na farar ƙasa. Kayan ɗakin amarya yanzu yawancinsu da allon kamfani a ke yi, irin na garin katako da aka matse da gam, wanda ya ke son inji da awo na daidai, ba ya yafe kuskure. Cikin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kayan ɗaki canjin kuɗi na gwamnati, amma cikin Oktoba 2023 ya janye hanin. Saboda haka gasa tana nan, daga gida da waje.

Duk da haka ƙofofi a buɗe su ke ga wanda ya shirya. Rufi bai gushe ba, kuma mai iya ɗaura dogon rufi na zamani ba ya zaman banza. Ginin bene ba ya yiwuwa sai kafinta ya buga katakon da za a zuba kankare a ciki. Ga kujerun kushin, ga kantocin shaguna, ga bodin manyan motoci, ga amalanke, ga akurkin kaji da akwatin zuma. Aure kuwa ba a daina ba. Yaron da ya iya karatu da lissafi, ya iya inji, ya kuma riƙe takarda, zai ci abinci a nan, zai ci a ko ina.

ABIN DA ZA MU YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu da mu ke hawa rufi mun fi kowa sanin haka. Ga abin da mu ke kawowa gabanku, wanda ya ke hannunmu, ba sai mun jira kowa ba.

Na farko, daga yau a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. A rubuta kayan da aiki zai ci, mai aiki ya saya da kansa ko a je tare. Ladan hannu a faɗe shi daban. In katako ya hau, ya hau a kan mai kaya. Kafintocin kowane gari su zauna su yanka mafi ƙarancin ladan ƙofa da gado da rufin ɗaki, a sake duba shi kowace kaka.

Na biyu, kowane aiki a rubuta ranar gamawa, da abin da aka bayar, da abin da ya saura, a gaban shaidu biyu. Wanda ya ci kafin alƙalami ya saɓa ba da dalili ba, ƙungiya ta hukunta shi tun mai kaya bai kai ƙara ba.

Na uku, kowane yaro a rubuta masa takarda, shekara nawa, me zai koya kowace shekara, me za a ba shi na abinci, da me za a yaye shi. Kada a hana shi zuwa makaranta. Itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na huɗu, a yi wa ƙungiya rajista ta gama kai, a buɗe asusu. Da shi za mu sayi katako mota guda maimakon falle-falle, mu ajiye ya bushe. Da shi za mu sayi inji na tarayya. Daga cikinsa kuma a ware na wanda ya faɗo daga rufi ko inji ya ci yatsansa, domin yau in haka ta faru sai dai a bi shago-shago da kwano.

Ga kuma abin da mu ke nema wurin hukuma, da ladabi amma ba da tsoro ba. Muna so benci da tebur da gyaran rufin makarantun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a ba ƙungiyoyin kafintocin waɗannan wurare kai tsaye, a manna adadin kuɗin da yawan kayan a bangon makaranta kowa ya gani. Muna so masu gwajin sana'a su riƙa zuwa Funtua ko hedkwatar ƙaramar hukuma a kan lokaci sananne, a kuma yi bayani da Hausa. Muna so a buɗe ajin yamma na lissafi da karanta zane domin yaran shago. Muna so a dasa itatuwan katako, maɗaci da malaina, a gandun da aka cinye, don jikokinmu su sami abin yanka. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar ƙananan sana'o'i ta ƙasa, SMEDAN, kafin ya hau mulki cikin 2023, saboda haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da 'yan majalisa kuwa, duk wanda ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi wa ya buga bencin makarantar garinsa, kuma nawa aka biya mai bugawa.

Ku 'yan kasuwa, ku ne shaidunmu. In kun ga mun cika alkawari, ku biya mu a kan kari, ku kuma sa baki a ba mu aikin garinmu. In kun ga mun saɓa, ku kawo ƙara wurin shugabannin sana'a, za ku ga abin da za a yi.

Kafin a watse, kowane gari ya fid da mutum uku, dattijo ɗaya, mai shago ɗaya, yaron shago ɗaya. Su rubuta sunan kowane kafinta da masassaƙi na garinsu, da yawan yaransa, da irin aikin da ya fi iyawa. Da wannan takarda za mu je neman rajista, da ita kuma za mu shiga ofis, don kada a sake ce mana babu ma'aikata a ƙauye.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya mai da waɗanda suka yi hijira gidajensu, ya sa albarka a hannuwanmu. Allah ya kai kowa gida lafiya.